Ƙullin Citta Mai Lamba Bakwai

Tun da na dawo daga Gana ban samu sakat ba. Bayan sujada a tare ni a ƙofar majami'a, a kasuwar Kafanchan a tare ni, har a wurin jana'iza wani ya jawo rigata yana cewa, "Sakatare, wai da gaske akwai injin da ke ƙona citta ya faɗi abin da aka yi mata?" Na gaji da ba da labarin guntu-guntu, kowa ya ɗauki nasa ya ƙara abin da ban faɗa ba. Saboda haka na zauna na rubuta shi bi da bi, yadda ya faru. Wanda ya sake tambayata, takardar zan miƙa masa.

Zan fara da dalilin tafiyar. Ni ne sakataren ƙungiyar manoman citta ta ƙauyenmu, gidaje goma sha biyu. Wani ɗan kasuwa da ke Tema, kusa da tashar jiragen ruwa, ya ce zai riƙa ɗaukar busasshiyar cittarmu kowace shekara idan ba a same ta da abu biyu ba. Na farko farar wuta, wadda wasu ke ƙonawa a ƙarƙashin citta don ta yi fari. Na biyu maganin ƙwari da wasu ke barbaɗawa a cikin buhu, wanda da yawansa yana ɗauke da sinadarin kulorin. Ya ce ɗakin gwaje-gwaje ɗaya ya yarda da shi, yana can wajensu, kuma mutum biyu daga cikinmu su kawo samfur su ga gwajin da idonsu don kada a yi gardama daga baya.

Kafin mu tashi, ƙungiya ta kafa doka, kuma ni na rubuta ta da hannuna: duk wanda aka samu cittarsa da ɗaya daga cikin abubuwan nan, a sanar da Ciyaman sunansa a ranar, a cire shi daga ƙungiya. Kowa ya san abin da wannan ke nufi. Tun shekarar da cuta ta ruɓar mana da gonaki, wanda ba ya cikin ƙungiya ba ya samun iri mai kyau, kuma sai ya kai cittarsa bakin hanya 'yan baranda su yi masa yadda suke so.

Na bi gida gida. A kowane gida na ɗiba daga saman buhu, da tsakiya, da ƙasa, na zuba a sabuwar ambulan, na liƙe, na rubuta lamba kawai. Takardar da ke nuna lambar wane ce ta wane na ninke ta na sa a aljihun ciki. Abokiyar tafiyata ita ce Malama Hannatu, shugabar matan ƙungiya, tsohuwar malamar firamare 'yar Zonkwa. Mace ce mai kirki, sai dai ba ta iya rufe baki na minti biyar.

Ranar Litinin da safe muka yi addu'a muka shiga mota. Matsala ta farko a tasha ta fara. Direba ya ɗauki kwalin samfur zai cusa a but, tsakanin jarkar mai da buhun takin zamani.

Na ce, "Ajiye."

Ya ce, "Baba, citta ce fa, ba ƙwai ba."

Na ce, "Na ji. Ajiye."

Na ɗora kwalin a cinyata, kuma a nan ya zauna har Legas. A Jere taya ta yi faci, muka tsaya kusan awa ɗaya. Malama ta sayi gasasshiyar doya da manja, ta miƙo mini. Na ce ba zan ci manja da kwali a cinyata ba. Ta ce, "To ba ni ɗan naka in goya maka, ka ci abinci." Matan da ke talla suka yi ta dariya. Na ci doyar a tsaye, kwalin a kan kujera, idona a kansa.

A Zuba muka sauya zuwa babbar bas. Ba zan tsaya kan Lokoja da Ibadan ba, da yawanku kun bi hanyar. A Legas muka sauka a masaukin baƙi na wata ikilisiya, washegari muka huta ƙafa, ranar Laraba da sassafe muka shiga motar Gana.

Iyaka uku muka tsallake a yini ɗaya. Ta farko a Seme. Na shirya takarduna tun a gida: fasfo, katin rigakafi mai ruwan ɗorawa, sai takardar shaidar fita da kayan gona. A ɓangaren ƙasar Binin wata ma'aikaciya ta nuna kwalin ta yi magana da Faransanci. Malama ta sha gaya mini ta yi Faransanci a kwalejin malamai, don haka na dube ta. Ta ce wa matar, "Bonjur." Matar ta ci gaba da magana. Malama ta sake cewa, "Bonjur." Nan Faransancinta ya ƙare.

Matar ta ciro ambulan ɗaya tana shirin yagewa. Na ɗaga hannu biyu, na nuna mata liƙin, na nuna mata takardar. Ta karanta takardar daga sama har ƙasa, ba ta tsallake layi ba, sannan ta kai ambulan ɗin hancinta ta shinshina. Sai ta yi murmushi, ta shafa wuyanta ta yi tari na wasa, alamar ita ma ta san maganin mura. Ta mayar, ta buga hatimi. Na yaba mata. Ta yi aikinta, kuma ba ta ɓata mini nawa ba.

A Kwatano na ga 'yan acaɓa duk da riga iri ɗaya mai lamba a baya, suna bin gefensu na hanya. Na tuna namu na shataletalen Kafanchan masu bin inda suka ga dama. A Lome hanya ta bi bakin teku. Malama ta daɗe tana kallo, sannan ta ce, "Duk wannan ruwa, ba wanda ya shuka ko alayyafo." Iyaka ta uku, ta Aflawo, a cikin gari take, kana tafe a kasuwa sai a ce maka ka shiga wata ƙasa.

Ɗan kasuwar ya saukar da mu a gidan wani dattijo, Alhaji Sule, a zangon Ashaiman. Na yi zaton zan sha wuya da yare, sai na ji Hausa ko'ina. Hausarsu ma irin ta tsofaffinmu ce, mace "ya zo", namiji "ya zo", ba wanda ya damu. Alhaji ya ce kakansa da fataucin goro ya zo bai koma ba. Shi da kansa ya nuna mana majami'ar da ke bayan layinsu, ya ce, "Idan kun kai Lahadi, ga wurinku nan." Abin da ya fi burge ni shi ne gaisuwarsu. Idan ka shiga taro, daga na hannun dama za ka fara miƙa hannu, ka bi su ɗaya bayan ɗaya zuwa hagu, ko da babban yana can ƙarshe. Ba tsallake, ba rigima kan wa aka fara gaisarwa. Da a ce muna yin haka a taron biki, da an rage fushi da yawa. Abincinsu kuwa dokunu ne, tuwon masara mai tsami a cikin ganye, da soyayyen kifi da wani baƙin yaji. Malama ta ce tuwon jiya ne suka ƙi zubarwa. Ta ci biyu.

An ce mana ƙarfe takwas ranar Alhamis. Takwas saura kwata muna bakin ƙofa. Takwas ta yi, ba kowa. Takwas da rabi, ba kowa sai mai gadi. Na je na same shi na gaya masa gaskiya, cewa mun taso daga nesa, kuma ban zaci haka daga wurin masu ilimi ba. Ya saurare ni har na gama, sannan ya nuna mini agogon bango. Bakwai da rabi. Ashe agogonsu yana bayan namu da awa ɗaya, tun daga Togo. Malama ta ce, "Sakatare, ci gaba da wa'azin, akwai sauran rabin awa." Na ba shi haƙuri.

Takwas daidai ta agogonsu wata mata ta buɗe mana. Madam Efuwa ake ce da ita, ita ce mai kula da na'urorin. Ba za ta wuce shekarun 'yata ta fari ba. Da Turanci muka yi magana, tana ce mini Papa. Ta sa muka wanke hannu, ta ba mu farar riga da safar hannu, ta ce kada mu taɓa komai da fatar hannu, domin ko gumin yatsa na'urar tana gani.

Yanzu ga amsar tambayar da kuke yi mini. Zan faɗe ta yadda na gani.

Da farko ana niƙa citta ta zama gari, kuma ana wanke abin niƙan tsakanin kowane samfur da na bayansa. Sannan a auna. Ma'aunin yana cikin akwatin gilashi mai ƙofa, don numfashin mutum ma yana motsa shi. Abin da ta ɗiba bai fi ƙwayar dawa biyu ba. Ni da na ɗauko mudu-mudu a cinyata na ji kunya kaɗan. Garin nan ake zubawa a wani ɗan cokali mai kama da kwalekwale, sai wani hannun ƙarfe ya tura shi a hankali cikin bututun gilashi da ya ratsa tanderu. Ta ce zafin ciki ya kai kusan digiri dubu, kuma ana hura masa iskar oksijin daga tulun ƙarfe. Ba ka ganin hayaƙi, ba ka jin ƙauri. Citta ta ƙone ƙurmus, abin da ke cikinta ya zama iska.

Iskar ce ake bincika. Idan farar wuta ake nema, sai ta shiga wani ɗaki ƙarami a cikin na'urar inda ake haska ta da wata irin fitila. Iskar farar wuta tana mayar da haske, na'urar ta auna yawan hasken. Idan kulorin ake nema, sai iskar ta bi ta wasu kwalabe a busar da ita, ta faɗa cikin ruwa mai azurfa. Kulorin yana kama azurfa, na'urar ta lissafa yawan azurfar da aka kama. Duk wannan yana fitowa a fuskar kwamfuta kamar zanen tudu. Ƙaramin tudu, abu kaɗan. Babban tudu, abu da yawa.

Amma abin da ya fi shiga raina shi ne wannan: ba ta fara da cittarmu ba. Ta fara tura cokalin babu komai a ciki, ta ga na'urar ta ce babu. Sannan ta tura wani gari da ta riga ta san abin da ke cikinsa, ta ga na'urar ta faɗi daidai. Na tambaye ta dalili. Ta ce, "Papa, kowace safiya sai ta ci jarrabawata kafin in bar ta ta yi wa wani jarrabawa." Na ciro biro na rubuta maganar.

Gwajin farar wuta ya ɗauki safiya. Kowane samfur sau biyu. Duka sha biyun suka fito da ƙaramin tudu. Na ce ai ko ƙaramin bai kamata a gani ba. Ta ce kowane tsiro yana da ɗan nasa tun daga ƙasa, abin da ya wuce wannan ake nema, kuma ba ta gani ba. Malama ta ce, "Mun gode wa Ubangiji."

Bayan abincin rana aka shiga kulorin. Ɗaya, biyu, har shida, ƙananan tudu. Da aka tura na bakwai, layin ya miƙe sama kamar dutsen Kagoro. Madam ta matso kusa da kwamfutar. Ta tura cokali marar komai, ta sake auna sabon gari daga ambulan ɗin, ta sake turawa. Haka ya sake yi. Sauran biyar suka fito lafiya.

Ta ce, "Lamba bakwai yana da kulorin da yawa. Ku dawo gobe, ban gama da shi ba."

Na fita baranda na ciro takardar aljihuna, ko da yake na riga na sani. Lamba bakwai Mama Rifkatu ce, matar yayana marigayi. A ɗakinta na girma tun ina aji uku, ita ta riƙa yi mini wanki har na shiga aikin sito. Yanzu ita kaɗai ce da jikoki uku, kuma gonar citta ce abincinsu.

Malama ta leƙa takardar. Ta ce, "Ka bari sai gobe. Matar ta ce ba ta gama ba."

Na ce, "Doka ta ce a ranar."

"Wa ya rubuta dokar?"

"Ni. Shi ya sa. Da na wani ne da tuni na kira. Idan na jira saboda tawa ce, gobe da wane baki zan yi magana a miting?"

Ta ce, "Da bakin da ka yi wa mai gadi wa'azi."

Ƙarfe huɗu na kira Ciyaman na gaya masa lamba da suna. Na ce ya riƙe a cikinsa. Amma matarsa tana kusa da shi.

Washegari Madam Efuwa ta zaunar da mu kafin ta kunna komai. Ta ce na'urar tana faɗin cewa akwai kulorin, amma ba ta faɗin daga ina ya zo. Wannan aikin mutum ne. Sai ta fara tambaya. Da wane ruwa mai lamba bakwai ke wanke citta? A ina ake shanya ta? A kan me? Na san girman gonar, na san yawan buhunanta, ban taɓa duba abin da take shimfiɗawa ba.

Na kira Mama, na sa a lasifika. Ta ɗauka ba gaisuwa.

"Sakatare ne?"

Ba ta taɓa ce mini Sakatare ba. Bulus take kirana.

"Mama, ina kwana."

"Na kwana. Jiya a zumuntar mata ba wanda ya zauna a bencina. An ce na zuba guba a citta."

"Mama, tambaya zan yi miki. A kan me kike shanya citta?"

"A kan me kuma? A kan buhu."

"Wane irin buhu?"

"Buhun gishiri mana. Ladi na kawo mini daga shagonta in ya ƙare, in farke in ɗinke su su zama shimfiɗa."

"Kina wanke su?"

"In wanke don me? Gishirin ne ke hana gara ta ci shimfiɗar. Kai ba a kansa ka yi barci ba lokacin zafi?"

Malama ta fassara wa Madam. Madam ta jingina da kujera ta yi dariya a hankali. Ta ce gishirin miya, fiye da rabinsa kulorin ne. Citta ɗanya da aka tsaga, ga raɓar safiya, dole ta kwashi gishiri. Amma ta ce ba za ta rubuta zato a takarda ba, sai ta gwada.

Ga yadda ta yi. Ta sake ɗibar garin lamba bakwai, ta zuba a ɗan mazurari, ta wanke shi da wani ruwa na musamman. Ta ce gishiri yana narkewa ya bi ruwan, amma maganin ƙwari irin wanda ake tsoro ba ya bin ruwa, yana maƙalewa. Idan tudun ya tsaya, magani ne. Idan ya sauka, gishiri ne. Ta tura cokalin. Minti kaɗan ne, amma ban taɓa tsayuwa mai tsawo irin wannan ba. Layin ya ɗan ɗaga kai ya kwanta, daidai da na sauran. Ta sake yi, haka. Duk da haka ta aika da dukan samfuran wani ɗaki inda wata na'ura ke neman maganin ƙwari ɗaya bayan ɗaya da sunansa, ko da ɗan mitsitsi ne. Sai Litinin aka ba mu takarda. Duka sha biyun sun wuce. A ƙasan lamba bakwai ta rubuta da hannunta cewa a riƙa wanke shimfiɗa.

Na kira Ciyaman tun ranar Juma'a na gyara magana. Amma kun san gyara ba ya gudu kamar labarin farko.

Da za mu rabu na gaya wa Madam cewa na yi shekara talatin ina riƙe sito, ban taɓa ganin aiki mai tsari irin nata ba. Ta ce, "Papa, na'urar tana da sauri, shi ya sa ni nake tafiya a hankali."

Dawowa ba ta da labari, sai dai cinyata ta huta. Da muka sauka a Kafanchan ban je gidana ba. Na hau acaɓa zuwa ƙauye da jakata, na shiga gidan Mama. Tana zaune a inuwa tana tsaga citta. Na durƙusa na gaishe ta, na ciro takardar na karanta mata daga farko har ƙarshe, ina fassarawa. Wuƙarta ba ta tsaya ba.

Na ce, "Mama, na yi sauri. An ce in jira, ban jira ba. Ranar Asabar zan faɗi haka a miting da bakina, kuma zan nemi a gyara dokar, kada a kira sunan kowa sai an gama gwaji gaba ɗaya. Ranar Lahadi zan je zumuntar mata in faɗa musu."

Ta ce, "Injin ya ce ban yi laifi ba?"

"Ya ce."

"Sau nawa aka tambaye shi?"

"Sau huɗu, sannan aka tambayi wani injin."

"Kai kuma sau nawa ka tambaye ni kafin ka kira Ciyaman?"

Ta tsaga citta uku ko huɗu. Sannan ta nuna bayan rumbu da wuƙar, inda shimfiɗun ke ninke.

"Matar ta ce a wanke, ko?"

"Haka ta rubuta."

"To bayana na ciwo. Ga su can, ka san hanyar rafi. Ka cire wannan takalmin ofis, Bulus."

Waɗanda suka gan ni ranar a rafi, da wando a naɗe ina murza buhun gishiri, suka yi ta tambayar abin da ya samu Sakatare. Shimfiɗa shida ne. Na wanke su ɗaya bayan ɗaya, kowanne sau biyu.